Kafin Ka Sayi Rauta a Katsina: Zango, Ƙarfin Watsawa da Abin da Doka Ta Yarda

Duk wanda ya shiga shagunan kayan waya a Katsina, ko ya yi tattaki zuwa kasuwar Farm Centre ta Kano, yana neman na'urar Wi-Fi da aka fi sani da rauta, tambayar da ya fi yi ita ce wacce ta fi ƙarfi, mai shago kuma yakan miƙo masa wadda ta fi yawan eriya. A ganina tambayar da ta kamata ta zo da farko ita ce: domin wace ƙasa aka ƙera wannan na'ura, kuma tana yarda a saita ta a kan Najeriya? Dalili shi ne, zangon da rauta take magana a kai, wato yankin igiyar rediyo da take amfani da shi, da iyakar ƙarfin da take watsawa ba kamfanin da ya ƙera ta ne kaɗai yake yanke su ba, kowace ƙasa tana da hukumar da take ƙayyade su.

A Najeriya wannan aiki yana hannun Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, wato NCC, wadda take aiki da Dokar Sadarwa ta 2003, kuma doka ta tanadi cewa kowane samfurin na'urar sadarwa sai ya sami amincewarta kafin a sayar da shi. Zangon 2.4 GHz da na 5.8 GHz a buɗe suke, mutum zai yi amfani da su a gida ko a shago ba tare da neman lasisin zango ba, amma zangon 5.4 GHz, wanda ya kama daga 5470 zuwa 5725 MHz, na masu lasisi ne. Ya kamata kuma a lura cewa buɗe zango bai ba kowa izinin sayar wa jama'a intanet a matsayin sana'a ba, domin wannan yana da lasisinsa daban.

Bambancin da ke tsakanin ƙasashe ba ƙarami ba ne. A zangon 2.4 GHz, Turai ta yarda da tashoshi 13, wato ƙananan hanyoyin da aka rarraba zangon zuwa gare su, ta kuma ƙayyade ƙarfi a miliwat 100 idan an haɗa da abin da eriya take ƙarawa. Amurka tana aiki da tasha 1 zuwa 11, amma ta yarda na'ura ta fitar da wat 1, wanda da eriyar da aka saba zai iya kaiwa wat 4. Japan tana da tasha ta 14 wadda sauran ƙasashe ba su amfani da ita. A zangon 5 GHz kuwa, rautar Turai takan bayar da tasha 36 zuwa 64 a kan miliwat 200 domin cikin gida, da tasha 100 zuwa 140 a kan wat 1, sau da yawa kuma ba ta nuna tasha 149 zuwa 165 ko kaɗan. A nan ne mai saye ya kamata ya buɗe ido, domin tasha 100 zuwa 140 su ne suka faɗa cikin zangon da Najeriya ta keɓe wa masu lasisi, 149 zuwa 165 kuma su ne buɗaɗɗen zangonmu na 5.8. Saboda haka ba ta Turai ba ce ta yi mana daidai, ba kuma ta Amurka ba.

Kafin a kwatanta abin da ke kasuwa, sai a fahimci dalilin da ya sa yawan wat yake yaudarar mutane. Wi-Fi magana ce ta ɓangare biyu: rauta ta aika, wayar hannu ta amsa. Lasifikar masallacin Juma'a tana kai muryar ladan unguwanni da dama, amma wanda ya ji kiran daga nesa, in ya amsa, ladan ba zai ji shi ba. Haka wayar hannu take, batirinta ƙarami ne, eriyarta ƙarama ce, don haka za ta iya nuna sabis ya cika alhali saƙonta bai isa ga rauta ba. Ko a fili fetal inda babu bango, sai an ninka ƙarfi sau huɗu kafin nisa ya ninka sau biyu, a cikin gida kuwa abin bai kai haka ba. Gidajen cikin birni, masu kaurin katangar ƙasa da zaure da soraye da sassa daban-daban, suna shanye siginar sosai, bulo da kankare mai rodi su ma haka, ƙofar ƙarfe da rufin kwano kuma suna mayar da ita baya. Zangon 2.4 ya fi ratsa bango amma ya fi cunkoso, na 5 ya fi sauri amma ya fi saurin mutuwa bayan bango ɗaya ko biyu.

Mafi sauƙin zaɓi shi ne rauta ko ƙaramar MiFi, wato rautar aljihu mai batir, da kamfanin layi yake sayarwa da sunansa. Ta fuskar doka babu abin damuwa, domin an shigo da ita ne don wannan ƙasa, zangunan da take kama sabis da su kuma sun dace da na kamfanin. Aibinta biyu ne: yawanci a kulle take a kan layin kamfani ɗaya, kuma Wi-Fi ɗin ƙaramar MiFi bai wuce ɗaki ɗaya ko biyu ba. Ga ɗalibi a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa ko mai shago guda a Ƙofar Ƙaura, ta wadatar.

Wanda ya fi son rautar da take karɓar kowane layi sai ya duba lambobin zangon sabis ɗin 4G da aka rubuta a kwalinta. A nan ƙasar ana yawan amfani da zango na 3, wato 1800 MHz, da na 7 da na 20, Glo kuma ta yi suna da na 28, wato 700 MHz, wanda ba kowace na'ura take kamawa ba. Sabis ɗin 5G yana kan 3.5 GHz, zangon da NCC ta yi gwanjonsa a Disambar 2021, MTN da Mafab suka samu, Airtel ta biyo baya. MiFi ɗin da aka yi domin kamfanonin Amurka sau da yawa zangunanta su ne 2 da 4 da 12 da 13, sai mutum ya sa layi ya ga ta ƙi kama 4G.

Wannan ya kawo mu ga kayan hannu da ake shigowa da su daga waje, waɗanda arharsu take jan hankali. Rautar da aka yi domin kasuwar Amurka a kulle take, ba a iya sauya mata ƙasa, kuma kamfanoni irin su MikroTik da Ubiquiti suna fitar da samfuri biyu ne da gangan, na Amurka da na sauran duniya. Ana gane ta da haruffan US a ƙarshen lambar samfurin. Za ta yi aiki a gida, amma mai ita ba shi da hanyar da zai sa ta bi ƙa'idar Najeriya da kanta. Wadda aka yi domin cikin ƙasar Sin kuma, wani lokaci shafin saitinta da rubutun Sinanci yake zuwa. A duba cajar ma: wutarmu bolt 230 ce, cajar da aka rubuta wa 100 zuwa 240 ba ta da matsala, amma mai 120 kaɗai ƙonewa za ta yi. Akwai kuma wata ƙaramar matsala da take rikita mutane, idan rauta ta zaɓi tasha ta 12 ko 13 da kanta, wata kwamfutar da aka sayo daga Amurka ba za ta gan ta ba sam. Maganin shi ne a tsayar da ita a kan 1 ko 6 ko 11, waɗanda su ne ba sa hawa kan juna.

Ga babban gida, ko makarantar Islamiyya, ko masauki, shawarata ita ce a bar neman rauta ɗaya mai tsananin ƙarfi, a sayi biyu ko uku masu matsakaicin ƙarfi, a haɗa su da kebul, kowace a sashenta. Kebul ɗin intanet yana kaiwa mita 100 ba tare da raguwa ba, wanda ya ishi yawancin gidaje daga zaure har ƙuryar ciki. Na'urar da ake soka wa a soket domin ta maimaita siginar ta fi arha, amma mai rediyo guda takan rage saurin zuwa kusan rabi, saboda da baki ɗaya take karɓa take kuma aikawa. Ita daban ce da bustar sabis ɗin waya, wadda NCC ta sha gargaɗin cewa kamfanoni masu lasisi kaɗai ke da ikon kafa ta, domin tana lalata sabis ɗin maƙwabta.

Inda maganar ƙarfi take da nauyi ƙwarai shi ne na'urorin waje da ake ɗaurawa a kan dogon ƙarfe domin haɗa gini da gini, misali shago a Babbar Kasuwa da sito a wata unguwa. Abin da hukumomi suke aunawa shi ne jimillar ƙarfin rediyo da ƙarin da eriya take yi. Ana lissafin da dBm: 20 daidai yake da miliwat 100, 30 kuma wat 1, kowane ƙarin 3 yana ninka ƙarfi. Rediyo mai 20 dBm da aka haɗa da eriya mai siffar faranti wadda take ƙara 23 dBi ya zama 43 dBm, kimanin wat 20 ke nan a fuskar da ya kalla. Shi ya sa na'urorin kirki suke tambayar ƙasa da girman eriya tun a saitin farko, su rage ƙarfinsu da kansu. Wasu masu haɗawa sukan zaɓi wata ƙasa, ko su shigar da girman eriya na ƙarya, domin tashoshi su ƙaru. Mai gida ya tsaya a kansu ya ga an zaɓi Najeriya, domin na'urar tasa ce, kuma abin da yake gyara irin wannan haɗi shi ne tsayin ƙarfe da ganin juna ba tare da bishiyar darbejiya ko bene a tsakani ba. Idan kuma aka ga na'ura ta yi shiru na minti ɗaya bayan an kunna ta a tasha 52 zuwa 64, ba lalacewa ta yi ba, tana sauraro ne ko akwai rada a kusa, irin ta jiragen sama ko ta hasashen yanayi, in ta ji sai ta kauce.

Sabbin rautoci masu Wi-Fi 6E da Wi-Fi 7 suna ƙara zangon 6 GHz, tsadarsu kuma tana da yawa. Amurka ta buɗe zangon gaba ɗaya a 2020, daga 5925 zuwa 7125 MHz, Turai ta buɗe ƙasansa kaɗai a 2021, taron rediyo na duniya da aka yi a Dubai a 2023 kuma ya ware samansa, daga 6425 MHz, domin sabis ɗin wayar hannu a shiyyar da Afirka take ciki. Yawancin wayoyin da ke hannun mutane ba sa kama wannan zango, kuma saurin da gida zai samu ba zai wuce wanda layin da ke shigo da intanet yake bayarwa ba. Rauta mai zango biyu, Wi-Fi 5 ko Wi-Fi 6, ta ishi kusan kowa a yanzu. Kafin a biya, a sa mai shago ya kunna ta, a buɗe shafin saiti a ga ko Najeriya tana cikin jerin ƙasashe, a ga ko tasha 149 zuwa 165 sun bayyana, a nemi lambar samfurin a jerin na'urorin da NCC ta amince da su a shafinta na intanet, sannan a karɓi rasit mai ɗauke da wannan lamba da sharaɗin dawowa da ita idan ba ta kama layin da ake so ba.