Google Docs: Manhajar da Ke Sa Gyaran Oga Ya Zama Mai Amfani

Duk wanda ya yi aikin ofis ya san takaicin miƙa wa oga rahoto, ya dawo da shi da jan biro a gefe yana cewa "a sake dubawa", ba tare da ya nuna inda matsalar take ba. A ganina, babban alfanun Google Docs, manhajar rubuta takardu ta intanet wadda kamfanin Google ya fito da ita a 2006, shi ne tana rage wannan matsala ƙwarai da gaske.

Idan ma'aikaci zai tura takarda, manhajar tana ba shi zaɓi uku: izinin karantawa kawai, izinin yin tsokaci, ko izinin gyarawa kai tsaye. Na biyun nake ba da shawarar a zaɓa wa oga, domin duk abin da ya sauya zai fito ne a matsayin shawara, tsohon rubutun da layi a kansa, sabon kuma da launi daban, har sai mai takardar ya amince ko ya ƙi. Ta haka mutum yake ganin cewa wannan jimlar ce ta yi tsawo, wancan adadin kuma bai dace da na jadawali ba, maimakon a gyara masa a ɓoye ya sake tafka kuskuren gobe. Wannan tsari, da aka ƙara a 2014, ya fi komai burge ni.

Akwai kuma damar liƙa tambaya a kan layi guda, ka ambaci oga da adireshin imel ɗinsa don saƙo ya isa gare shi. Tambaya irin "Ranka ya daɗe, shin wannan sakin layi ya bayyana dalilin ƙarin kuɗin?" tana jawo amsa mai ma'ana fiye da "yaya ka ga aikin?", kuma tarihin sauye-sauye yana adana wanda ya gyara me da lokacin da ya yi.

Kyauta ce ga mai asusun Google, da wurin ajiya na gigabait 15, sai dai musayar tsokaci tana buƙatar intanet, kuma bin gyare-gyare masu yawa a allon waya yana gajiyarwa. Sannan gyaran takarda kaɗai take iya ɗauka. Batun yadda kake tafiyar da abokan aiki ko cancantarka ta ƙarin girma, sai ka nemi lokaci ku zauna da oga ido da ido. Kafin a ɗora takardun sirri kuwa, wajibi ne a nemi izinin hukumar wurin aiki.