Shafin setlist.fm da gardamar waƙar rufe taro

Duk ƙungiyar kiɗan rok da ta daɗe a fage tana da wata gardama da masoyanta ba sa gajiya da ita, wato wace waƙa ce ta cancanci a rufe taro da ita. Wasu suna son a sallame su da fitacciyar waƙar da kowa ya haddace, wasu sun fi son mai sanyi wadda za ta sauko da jama'a a hankali, wasu kuma sun ƙosa da maimaici, burinsu kawai a zo musu da abin da ba su zata ba. Yawancin wannan gardama a kan tuni ake yin ta, alhali kuwa mutumin da ya shafe awa biyu a tsaye cikin dubban jama'a ba lallai ne ya riƙe tsarin abin da ya ji ba. A nan ne shafin intanet na setlist.fm yake da amfani, kuma ta wannan fuska nake son in auna shi.

An buɗe shafin a shekarar 2008, kamfanin Live Nation mai shirya manyan tarukan kiɗa kuma ya saye shi a 2012. Aikinsa guda ɗaya ne: adana jerin waƙoƙin da aka yi a kowane taro, daga ta farko zuwa ta ƙarshe, tare da kwanan wata da sunan gari da na zauren da aka yi wasan. Masoya ne suke shigar da bayanan da kansu, wasu kuma su zo su gyara, kamar yadda ake yi a Wikipedia. Karantawa kyauta ce, sai dai wanda yake son rubutawa ko gyarawa dole ya yi rajista.

Abin da ya fi burge ni shi ne sashen ƙididdiga. Idan mutum ya zaɓi ƙungiya, sannan ya zaɓi shekara ko wani rangadi, shafin zai fitar masa da tsarin da aka fi bi a wancan lokaci, kuma zai ware masa waƙoƙin buɗe taro daban, waɗanda ake rufe babban sashen wasa da su daban, waɗanda ake rufe taron baki ɗaya da su daban. Wannan rarrabewa tana da muhimmanci ƙwarai, domin a al'adar wasan rok rufewa biyu ake yi. Mawaƙa suna gama babban sashe, su yi godiya, su sauka daga dandamali, jama'a su yi ta tafi da kira har su dawo su ƙara waƙa biyu ko uku. Sau da yawa masoya biyu suna musu ne alhali kowannensu yana da gaskiya, ɗaya yana nufin waƙar da aka yi kafin saukar farko, ɗayan yana nufin wadda aka kunna fitilun zaure bayanta. Shafin ya raba wannan gardama tun daga tsarinsa.

Akwai kuma alamar da ake sa wa duk abin da aka kunna daga faifai ba tare da mawaƙan sun kaɗa shi a wurin ba. Ƙungiyar Queen ta Ingila misali ce mai kyau. Shekaru da yawa tana kammalawa da "We Will Rock You" da "We Are the Champions", sannan a saki taken ƙasar Birtaniya da ƙungiyar ta ɗauka a faifai, su kuma suna sunkuyawa suna gaida jama'a. Wanda ya ce da taken ƙasa ake rufewa bai yi ƙarya ba, amma alamar tana nuna masa cewa waƙar ƙarshe da aka kaɗa da hannu wata ce daban.

Da mutum ya ɗan jima yana bin tarihin ƙungiyoyi a shafin, zai fara ganin cewa rufe taro sana'a ce mai zaman kanta, kuma kowace ƙungiya da irin hanyarta. AC/DC ta Ostireliya ta daɗe tana rufewa da "For Those About to Rock", waƙar da ta fito a 1981, ana harba igwa a kan dandamali, kuma da wuya a sami abin da zai iya biyo bayan irin wannan ƙara. Foo Fighters ta Amurka ta mayar da "Everlong" ta 1997 waƙar sallamarta. Wadda ta fi taɓa ni ita ce hanyar U2 ta Ailan. Daga 1983 ta riƙa rufewa da "40", waƙar ƙarshe a kundinta na wannan shekara, wadda aka ɗauko kalmominta daga Zabura ta 40. Mai jita da mai jitar bes sukan yi musayar kayan kiɗa, sannan mawaƙan su riƙa ficewa ɗaya bayan ɗaya har ya rage mai ganguna shi kaɗai, shi ma ya ajiye sandunansa ya tafi, jama'a kuwa su ci gaba da rera amshin babu mai kaɗa musu. A shafin ana iya bin sawun wannan waƙa shekara bayan shekara, a ga yadda ta mamaye ƙarshen taruka a shekarun 1980, ta kusa ɓacewa a shekarun 1990, sannan ta dawo a rangadin 2005. Mai cewa ya kamata ƙungiyar ta koma rufewa da ita, da mai cewa lokacin waƙar ya wuce, duka za su sami hujja a wannan tarihi.

Sai dai ƙididdigar tana da iyaka, kuma ya kamata mai karatu ya san ta tun kafin ya ɗauke ta makami. Shafin yana faɗin abin da aka yi ne, ba shi da ta cewa a kan abin da ya dace a yi. Jimillar adadi kullum tana fifita tsohuwar waƙa, domin wadda aka shekara talatin ana rufewa da ita za ta rinjayi sabuwa ko da sabuwar ta fi dacewa da muryar mawaƙin a yau. Saboda haka nake ganin duba shekara guda ko rangadi guda ya fi duba jimilla amfani nesa ba kusa ba. Haka kuma, ga ƙungiyoyin da suke canza jerinsu kowane dare, tsarin da shafin yake fitarwa a matsayin wanda aka fi bi yana iya zama tsarin da ba a taɓa yi a wani dare ba. Pearl Jam tana cikin irin waɗannan, duk da cewa ta saba sallama da "Yellow Ledbetter". Phish kuwa ta yi dare 13 a Madison Square Garden na birnin New York a 2017 ba tare da ta maimaita waƙa ko ɗaya ba, don haka neman waƙar rufewarta ta dindindin a ƙididdiga aikin banza ne.

Tun da masoya ne suke rubutawa, ingancin bayanai ya danganta da yawansu da kuma shekarun taron. Manyan ƙungiyoyi suna da masu sa ido da yawa, har jerin yakan bayyana jim kaɗan bayan an tashi, wani lokaci ma ana cikin wasan. Tarukan shekarun 1960 da 1970 kuwa da dama an bar su babu jeri, ko an rubuta rabi, tun da sai an dogara da tsofaffin kaset da rahotannin jaridu. Abin da ya rage wannan rauni shi ne ana iya ganin tarihin gyare-gyaren kowane jeri, a san abin da aka canza da lokacin da aka canza shi.

Shawarata ga mai riƙe da tikitin taron da bai zo ba tukuna ita ce ya yi tunani kafin ya buɗe shafin ƙungiyar. Yawancin manyan rangadi na yanzu an ɗaure su da tsarin fitilu da majigi, shi ya sa jerin jiya kusan shi ne na gobe, kuma wanda ya karanta shi ya riga ya san waƙar da za a sallame shi da ita. Idan mamakin wannan lokaci yana da daraja a wurinsa, gara ya dakata sai bayan taro, ya shiga ya danna alamar cewa ya halarta, ya kwatanta darensa da na sauran garuruwa. Wanda kuma yake son ya san lokacin da zai kama hanyar fita kafin cunkoso, shafin zai yi masa wannan hidima daidai.