Ekinasiya ko ziniya: amsa ga Hajiya

Hajiya, kin tambayi wane fure za ki shuka. Tsakanin ekinasiyar da kika gani a hoto da ziniya, ni dai ziniya zan ce ki shuka.

Bara da ruwa ya zauna, farkon watan Yuni, na watsa irin ziniya a gindin katangarmu a Samaru, bayan na cakuɗa ƙasar da busasshen kashin shanu da ɗan yashi. Ko mako ba a yi ba ta tsiro. Kafin wata biyu tsakar gida ta cika da ja da ruwan ɗorawa da ruwan hoda. Mahaifiyata, da ƙafa ta hana ta fita, kullum da hantsi sai ta sa a kai mata tabarma wurin, tana jan carbi tana kallon malam-buɗe-littafi suna sauka a kai. Duk furen da ya fara yaushi ki tsinke kansa, sai ta yi sabbin rassa. Da haka tawa ta kai har Oktoba. Abin da ba ta so shi ne cunkoso lokacin marka, ganyen yakan yi tabo. Ki bar kamar ƙafa ɗaya tsakaninsu. Ki kuma bar kai biyu ko uku su bushe a jiki, kin samu irin baɗi.

Ekinasiya kyakkyawa ce, ba musu, amma 'yar Amurka ta Arewa ce. Can tana fure daga Yuni zuwa Agusta, ta kwanta da sanyi, ta sake tohowa. Irinta ya fi tsira in ya yi makonni a firji, kuma sau da yawa sai shekara ta biyu take fure. Tawa ko nan ba ta kai ba: ruwan Agusta ya kwanta a gindinta, saiwar ta ruɓe. Har yau ina jin zafin kuɗin nan.

Sannan ki yi hattara da wasu masu sayar da dashe a bakin titi. Sai a miƙo miki ziniya a leda a ce ekinasiya ce, a ninka kuɗi. Ki duba ganye: na ziniya biyu-biyu suke, suna fuskantar juna, manne da kara. Na ekinasiya daga gindi suke fitowa, kowanne da dogon wuya. In ta yi fure, ki taɓa tsakiyar: ta ekinasiya tana suka kamar bayan bushiya, daga nan ma sunanta ya samo asali a Girkanci.