FileZilla, WinSCP ko WordPress: wanne ya dace da shafin ƙungiyarku?

Malam, na ga tambayarka tun jiya, sai yanzu na samu zama. Ka ce ku biyu ne kuke riƙe da shafin intanet na ƙungiyar 'yan kasuwarku, kai a Marwa, abokin aikinka a Kusiri, kowa yana ɗora gyaransa da FileZilla, kuma sau biyu ke nan ɗayanku yana goge aikin ɗan'uwansa ba da sani ba. Kana so ka san ko WinSCP za ku koma, ko kuwa ku mayar da shafin gaba ɗaya kan WordPress, manhajar da ake gina shafi a gudanar da shi da ita.

Bari mu fara da biyun farko, tunda aikinsu iri ɗaya ne: su ɗauki fayil daga kwamfutarka su kai shi sabar da shafin yake zaune. Dukansu kyauta ne, kuma sun daɗe a hannun mutane, WinSCP tun 2000, FileZilla tun 2001. FileZilla yana aiki a Windows da Linux da Mac, shi kuwa WinSCP a Windows kaɗai yake. In ɗayanku ba Windows gare shi ba, magana ta ƙare tun daga nan.

Inda suka rabu da gaske shi ne lokacin da rezo, wato haɗin intanet, ya yanke ana tsakiyar aiki, abin da mu a nan arewacin Kamaru ba baƙonmu ba ne. FileZilla yana rubutawa ne kai tsaye a kan tsohon fayil. Wata rana da zafin Afrilu a Garwa ina ɗora shafin farko na wata makaranta, wuta ta ɗauke, akwatin intanet ya mutu. Da na buɗe shafin a waya, sunan makarantar ne kawai a sama, ƙasa fari fat, tsohon ya tafi, sabon bai gama shiga ba. Haka ya kwana, iyaye suna neman ranar komawa karatu. WinSCP yana da maganin wannan in ta SFTP kuka haɗu da saba, wato hanyar aika fayil mai tsaro: sai ya fara ɗora fayil ɗin da sunan wucin gadi mai ƙarewa da .filepart, sai ya cika sannan ya sauya masa suna ya maye gurbin tsohon. A yadda yake zuwa, fayilolin da suka wuce KB 100 kawai yake yi wa haka, don haka ka shiga saituna ka ce ya yi wa kowane fayil, domin shafukan rubutu ba su cika kai wannan girman ba.

Wajen daidaita abin da ke kwamfuta da abin da ke saba ma WinSCP ya fi. FileZilla zai nuna maka bambanci da launi, amma kai za ka bi ɗaya bayan ɗaya ka ja. WinSCP yana da maɓallin daidaitawa, wanda a na Faransanci aka rubuta Synchroniser. Zai duba lokacin da aka taɓa kowane fayil, ya jera maka abin da yake shirin ɗorawa ko saukewa, ka cire alama a kan wanda ba ka yarda da shi ba. Megas ɗinka na intanet ma za su fi jimawa, tunda abin da ya sauya kawai zai tafi.

Sai dai ina so ka ji wannan da kyau: babu ɗayansu da zai hana ku goge wa juna aiki. Dukansu ba su san abin da ke cikin fayil ba. In abokinka ya gyara farashin albasa da safe, kai kuma ka gyara lambar waya a wannan shafin da yamma daga tsohon kwafin da ke hannunka, naka ne sabo a idon manhajar, nasa ya tafi. Abin da zai cece ku shi ne ɗabi'a: kowa ya fara saukewa daga saba kafin ya taɓa komai, ya kuma aika wa ɗan'uwansa saƙo a WhatsApp cewa ya shiga shafi kaza.

A nan ne WordPress ya sha gabansu. Shi tun 2003 yake, kuma yana ba mutane da yawa damar rubutu a shafi ɗaya. Kowa da sunansa da kalmar sirrinsa. In kana cikin gyaran wani shafi abokinka ya buɗe shi daga Kusiri, zai ga sanarwa cewa kana ciki. Yana ajiye tsofaffin kwafi na kowane rubutu, in an yi ɓarna sai a koma na jiya. Da waya ma ana sa sanarwa, ba sai an je gaban kwamfuta ba. Nauyinsa kuwa, dole sabarku ta kasance da PHP, yaren da aka rubuta WordPress da shi, da ma'ajiyar bayanai irin MySQL, dole wani ya riƙa sabunta shi da ƙananan manhajojin da aka ɗora masa, in ba haka ba ɓarayin intanet su samu ƙofa. Wurin rubutunsa kuma yana jan jiki in rezo ya yi rauni. Akwai wani abu da mutane da yawa suke kuskurewa: rubuce-rubucen WordPress ba sa cikin fayiloli, suna cikin ma'ajiyar bayanai ne. In ka sauke komai da FileZilla kana zaton ka adana shafin, hotuna da fasali ka adana, labaran ba sa ciki.

Za ka ji masu sana'ar suna ambaton rsync da Git. Na gaske ne, rsync yana aika ɓangaren fayil da ya sauya kawai, Git kuma yana haɗa gyaran mutum biyu ya nuna inda suka ci karo. Amma suna bukatar rubuta umarni da hannu, rsync kuma yana son sabar da ta ba ka shiga ta SSH, wato hanyar ba saba umarni daga nesa. Ba zan ɗora muku su yanzu ba.

Da ni ne, ga yadda zan yanke. In shafuka biyar ko shida ne, ana taɓa su sau ɗaya a wata, ku zauna a kan WinSCP, mutum ɗaya ya zama mai ɗorawa. In kuwa kowane mako akwai farashi da sanarwar taro da ta'aziyya, kamar yadda na fahimta daga bayaninka, ku koma WordPress.

Ko wanne kuka ɗauka, ku bar FTP, tsohuwar hanyar aika fayil, ku koma SFTP, domin FTP a fili yake aika kalmar sirri. Sannan tunda kuna rubutu da Hausa da Faransanci, ka tabbatar Notepad++ ko duk abin da kuke gyara da shi yana ajiyewa da UTF-8, tsarin da yake riƙe haruffa irin ƙ da é daidai. Na taɓa ganin shafin da kowace ƙ ta koma Æ™, kalmar ƙungiya ta ƙi karantuwa tun daga kanun shafin. Yau da dare, kafin ku sauya komai, ka sauke shafin dukansa ka zuba a kile (USB), ka rubuta kwanan wata a jikin jakar fayilolin, sannan ka tambayi masu sabarku ko suna ba da SFTP da MySQL a kuɗin da kuke biya yanzu.