Gumbo a New Orleans: miyar ta yi daɗi, amma sun ɓata min rai

Tun kafin in sauka a filin jirgin Louis Armstrong na birnin New Orleans a Amurka nake ɗokin gumbo. Abokin aikina da ya daɗe a jihar Louisiana ya sha ce min, "Malam, miyar kuɓewa ce ta tsallaka teku." Shi ya sa daren farko na nufi wani ƙaramin gidan abinci kusa da titin Frenchmen, inda kowace ƙofa ka gifta bushe-bushe da kiɗan jazz ke tashi.

Sau biyu na tambayi yarinyar da ke kawo abinci ko akwai naman alade a ciki. Ta ce a'a, jatan lande ne da ƙaguwa kawai. Aka dire min kwano yana tururi, miya mai duhu da kauri, farar shinkafa a tsakiya. Duhun daga fulawa yake, wadda suke soyawa da mai har ta kusa ƙonewa, ga kuma garin ganyen sassafras a tebur da ake barbaɗawa, sai ya tuna min da kuka. Wallahi cokalin farko sai da na lumshe ido. Yauƙin bai kai namu ba, amma ƙamshin ya kai ni gida.

A cokali na huɗu na tono wani yanki zagayayye, ja-ja. Tsiran alade ne, wanda suke kira andouille. Zuciyata ta tashi, na tafi bayan gida na yi ta kurkure baki, jikina har rawa yake. Sau biyu fa na tambaya!

Mai girkin, wata dattijuwa, ta fito da kanta, hannu a ƙirji. Ta ce da tsiran suke fara kowace tukunya don ƙamshin hayaƙi, yarinyar kuma sabuwa ce. Ta sa aka soya min tarwaɗa da garin masara a sabon mai. Ƙarau-ƙarau a waje, laushi a ciki, ban taɓa cin irinta ba. Na ji na huce, har na yi niyyar dawowa.

Sai ga takardar kuɗi, gumbon na nan a kai, ko kwabo ba a rage ba. Ga tukuicin kashi 20 cikin 100 da aka saba bayarwa a Amurka. Na biya, amma raina ya sake ɓaci, don haƙurin baki kawai aka ba ni.

Ɗan'uwa Musulmi, kada sunan abinci ya ruɗe ka a garin nan. Jambalaya, mai kama da dafa-dukanmu, da kuma shinkafa da jan wake da suke ci ranar Litinin, galibi da alade ake haɗa su. Ka nemi mai girkin ka tambaye shi da me ya fara tukunyar.

Sauran kwanakina da beignet na Café du Monde nake karyawa, wani irin fanke mai garin sukari, a wurin da ke buɗe tun 1862. Wancan gidan kuwa maki biyu cikin biyar na ba shi, su ma albarkacin tarwaɗar.