Daƙiƙa 13 da na hana a cike: abin da na gani a situdiyon da ya gyara waƙoƙin ɗana

Wata takwas wayar ɗana ta yi a cikin durowa kafin in iya kunna ta. Ƙanwarsa ce ta san lambobin buɗewa, ita ce kuma ta nuna min foldar da ya sa wa suna "kar a taɓa". Fayil 41 ne a ciki. Wasu waƙoƙi ne cikakku, wasu baiti ɗaya, wasu kuwa shi kaɗai ne yana maimaita layi guda sau goma yana neman inda zai ja numfashi. Yana da shekara 22 sikila ta tafi da shi, Allah ya jiƙansa. Duk shekarun da ya yi yana gambarar nan tasa, ban taɓa zama na saurari ko ɗaya daga farko har ƙarshe ba. Abin da na iya shi ne in buga masa ƙofa in ce a rage ƙara.

Wannan ra'ayina ne a kan situdiyon da na kai wa fayilolin. Ba zan kama sunansa ba, domin akwai inda suka ɓata min rai ƙwarai, kuma yaron da ya yi kuskuren ya ba ni haƙuri na haƙura. Amma duk wanda aka mutu aka bar masa murya a waya zai iya samun kansa a ƙofar irin wannan wuri, gara ya san abin da zai tarar.

Ɗaki biyu ne kawai. Ɗaya an manne bangonsa da soso, da makirfo a tsaye a tsakiya, ɗayan kuma tebur ne da kwamfuta da sifika biyu. Mai haɗa sautin bai fi ɗana da shekara biyar ba. Abin da ya fara burge ni, bai kunna komai ba sai da ya kwafe fayilolin duka zuwa wuri biyu daban, sannan ya miƙo min wayar da hannu biyu ya ce, "Baba, ku mayar da ita gida, kada ta kwana a nan." Sai ya tambaya ko marigayin yana da kwamfuta. Akwai, wata tsohuwa da ba ta riƙe caji. Ashe a cikinta dukiyar take. Waƙoƙi tara an ajiye su yadda ya ɗauke su, murya daban, kiɗa daban, amshi daban, kuma irin waɗannan su ne ake iya gyarawa yadda ake so. Guda 20 an riga an cakuɗa muryar da kiɗan an mayar da su MP3. Sauran 12 saƙon murya ne na WhatsApp da ya riƙa tura wa abokansa.

Bai yi min alkawarin ƙarya ba, wannan kam na ba shi. Ya ce MP3 da saƙon murya duk matse sauti suke yi don fayil ya ƙanƙance, kuma abin da aka matse aka zubar ba ya dawowa ko da wace irin na'ura. Akwai manhajar da ke raba murya da kiɗa bayan an haɗa su, ya gwada min a kan guda ɗaya don in ji da kunnena. Muryar ta fito, amma kamar daga cikin rijiya yake magana. Ya ce daga cikin 41 ɗin, 12 ne zai iya tsayawa a kansu ya ce waƙa ce. Sauran zai ɗan share su ya bar min su a matsayin ajiya. Haka kuwa aka yi.

Wani abu da da ban zo wurinsu ba da na afka cikinsa: a farkon waƙoƙi da yawa akwai wata murya da ke faɗin wani suna kafin kiɗa ya tashi. Ni na ɗauka abokinsa ne. Ashe tambarin mai kiɗan ne. Yara da yawa daga YouTube suke sauke kiɗa su hau kai, kuma babu laifi idan gwaji ne a ɗaki, amma ranar da za a saki waƙar ga jama'a sai an nemi izinin mai shi an biya. Masu kiɗa uku ne abin ya shafa. Mai haɗa sautin ne ya rubuta musu da kansa. Ɗaya ya faɗi kuɗinsa aka biya, ɗaya da ya ji labarin ya ce ya yafe, na ukun har yau shiru.

A zaman ne kuma na san sunan abokin faɗana. Wannan rugugin da ke girgiza ƙofa har ka ji shi a ƙirji, 808 suke ce masa. Wata na'urar kiɗa ce, TR-808, da kamfanin Roland na Japan ya fitar a 1980. Ba ta yi kasuwa ba, aka daina ƙera ta a 1983, sai matasa masu ƙaramin ƙarfi suka riƙa sayen ta hannu da araha, daga nan sautinta ya zama ƙashin bayan hip-hop, wato gambara. Wato ƙarar da na yi shekaru ina yaƙi da ita ta girmi ɗana nesa ba kusa ba.

Yanzu ga inda suka fara kuskure. Sun ce kwana goma, sai da aka yi mako uku. Wannan bai dame ni ba, wanda ya jira wata takwas ba zai kasa jiran mako uku ba. Abin da aka kawo ne matsalar. Na kunna a falo, uwarsa tana zaune. Sauti tas, kamar na rediyo. Ba a kai rabin waƙar farko ba ta ce, "Wannan ba shi ba ne." Ta tashi ta shige ɗaki.

Gaskiyarta. Sun cire ƙarar fanka, to, wannan ba komai. Sun bi muryar da manhajar Auto-Tune sun daidaita duk inda ta karkace, har ta yi santsin da bai taɓa yi ba. Sannan sun yanke numfashinsa gaba ɗaya. Wanda bai yi jinyar mai sikila ba ba zai gane ba. Yaron nan yana da wata 'yar shesheƙa idan ya ja iska da ƙarfi, kuma da ita muke sanin yadda dare zai kasance. Shekara 22 muna kasa kunne gare ta. A cikin waƙoƙin, tsakanin layi da layi, tana nan, sai aka bi ta ɗaya bayan ɗaya aka goge. Akwai kuma wata waƙa da ana tsaka da baiti sai ka ji uwarsa daga nesa tana kiransa ya zo ya sha magani, shi kuma ya ce, "Ina zuwa, Umma," ya ci gaba daga inda ya tsaya ba tare da ya saki kiɗan ba. Ita ma an share ta.

Da na koma, mai haɗa sautin bai yi gardama ba. Ya ce haka aka koya musu, kuma haka masu kawo aiki suke so, domin waƙar da za ta shiga kasuwa ba a barin tari ko kiran wani a cikinta. Laifinsa dai bai tambaye ni don wa ake gyaran ba, ni ma ban san ana tambaya ba. Da yake bai taɓa asalin fayilolin ba, cikin kwana huɗu ya mayar da komai, bai kuma ƙara min kuɗi ba. Ya rage fankar kaɗan, ya ɗaga muryar ta hau saman kiɗan yadda za a ji kalmomi, ya bar sauran. Wannan karon uwarsa ta zauna har ƙarshe. Da aka zo wurin kiran nan sai ta sa gefen mayafi a baki.

Sai a lokacin na ji abin da ɗana yake faɗa. Ina zaton zagi ne da alfahari, irin abin da kunnena ke tsinta ta bayan ƙofa. Akwai alfaharin, ba zan ɓoye ba, kirari yake wa kansa kamar wanda ya ci yaƙi bakwai, alhali na san ko hawa bene sai ya huta a tsakiya. Amma rabin waƙoƙin a kan gadon asibiti suke. Hoton da ya manna a bangon ɗakinsa, wanda na sha cewa ya cire, na Prodigy ne, mawaƙin gambara ɗan Amurka na ƙungiyar Mobb Deep, wanda shi ma da sikila ya rayu har ya rasu a 2017 yana da shekara 42. Ƙanwarsa ce ta gaya min. Ita ce kuma ta ba ni labarin Voletta Wallace, mahaifiyar mawaƙin gambara Notorious B.I.G. da aka harbe a Los Angeles a watan Maris na 1997 yana da shekara 24. Malamar makarantar yara ce, kuma ba ta zauna ta saurari waƙoƙin ɗanta da kyau ba sai bayan ya mutu. Daga nan ta riƙe amanar aikinsa har ta rasu a 2025. Ban san ko don ta rarrashe ni ta faɗa min ba. Ya ɗan yi aiki.

Babban ɓacin ran a kan waƙa ta 12 ya zo. Ita ce ta ƙarshe da ya ɗauka, kwana 19 kafin a kwantar da shi kwanciyar da bai tashi ba. Baitin gambara yawanci layi 16 ne, kowane layi bugu huɗu. Kiɗan wannan yana tafiya bugu 90 a minti, saboda haka baitin zai ci kusan daƙiƙa 43. Shi a layi na 11 ya tsaya. Ga ukun ƙarshe da ya faɗa:

Dare ya raba, ƙashina yana sara,
Baba kan kujera, gyangyaɗi ya fara,
na cije bargo don kar ya ji ƙara.

Daga nan sai kiɗa kawai, layi biyar babu murya, daƙiƙa 13.

Ranar da na je karɓar aikin, yaron ya ce yana da abin da zai nuna min, fuskarsa cike da murna. Ya danna. Waƙar ta zo layi na 11, sai na ji ɗana ya ci gaba. Muryarsa ce, har da yadda yake jan ƙarshen kalma. Yana faɗin abin da bai taɓa faɗa ba. Ashe sun ciyar da ƙirƙirarriyar basira muryarsa daga waƙoƙin nan tara masu tsabta, wani abokin aikinsu ya rubuta layi biyar, na'urar ta rera. Ban san lokacin da na miƙe ba. Na bar hulata a kan teburinsu, sai ƙanwarsa ce ta koma ta ɗauko.

Na san kyauta ya yi niyyar yi min. Amma ba a yi wa uba irin wannan ba tare da an tambaye shi ba, ko da kuwa zai ce e. Ko manyan masu harkar ba su yarda da shi sakaka ba: a 2024 da mawaƙi Drake ya saki waƙa da muryar marigayi mawaƙi Tupac Shakur ta na'ura, masu kula da gadon Tupac sun yi barazanar kai shi kotu, ya sauke ta. Su suna da lauyoyi. Ni abin da nake da shi shi ne in ce a'a, kuma ba a ba ni damar faɗa ba sai bayan na ji. Har yanzu wani lokaci layukan nan na ƙarya suna faɗo min a rai da muryarsa, sai na tsaya na tuna wa kaina cewa ba shi ba ne. Duk wanda zai kai irin wannan aiki ko'ina, ya faɗa tun ranar farko, a rubuce in da hali, cewa kada a sa muryar mamacinsa a cikin wata na'ura da za ta kwaikwaye shi.

Mako biyu ban koma ba. Shi ya zo har gida, ya durƙusa, ya ce, "Baba, na yi wauta, ku yafe min." Ya buɗe kwamfutarsa a gabana ya goge layukan da kuma samfurin muryar da suka gina. Sai ya tambaya yadda nake so a yi da gurbin: a yanke kiɗan a layi na 11, ko a sa wani abokin marigayin ya ƙarasa. Na ce a bar shi yadda yake. Ya yi shiru, sannan ya ce ai hip-hop ɗin ma daga irin wannan gurbi ya fito. A unguwar Bronx ta New York, a wani biki da aka yi ranar 11 ga Agusta 1973, DJ Kool Herc, ɗan asalin Jamaika, shi ne mai sa faifai. Ya lura cewa masu rawa sun fi zabura a daidai inda mawaƙi ya yi shiru aka bar ganguna su kaɗai, sai ya riƙa sa faifai biyu iri ɗaya yana maimaita wurin don ya tsawaita. A kan wannan shirun ne daga baya aka fara hawa da magana. Ban sani ba ko neman shiri yake yi da ni, amma na ji daɗin labarin, na kuma sa an kawo masa ruwa.

To, zan ce wani ya je? Zan ce ya je, idanunsa a buɗe. Sun san aikinsu, ba sa cika baki a kan abin da ba zai gyaru ba, suna tsare asalin abin da aka ba su, kuma sun ɗauke min wahalar masu kiɗa da ban ma san da ita ba. Inda suka gaza, sun saba da masu rai ne, masu son a goge musu kowane aibi. Na baro su da filash guda mai folda biyu, ɗaya yadda ɗana ya bar su, ɗaya yadda aka gyara. Ta farkon na fi kunnawa.

Ƙanwarsa da abokansa suna so a saka waƙoƙin a intanet ranar da zai cika shekara 24. Na ce a saka goma. Ɗaya mai kiɗanta bai ba da amsa ba tukuna. Ta 12 kuwa tana wayata, ina kunna ta idan gida ya yi barci, kuma ba na rage ƙarar.