Katin bashin banki: tauraro biyu, su ma don albarkacin yarinyar teburin koke

Idan maganar biyan kuɗi ce kawai, katin nan ba shi da laifi. Kayan waya nake sayarwa a PZ, nan Adum cikin Kumasi a ƙasar Gana, kuma masu turo mini kaya daga Sin da Dubai ba su san MoMo, wato tura kuɗi ta waya, ba. Da katin nake biyan su, kuɗi ya tafi nan take, ni kuma in cike a ƙarshen wata idan kaya sun fita. Mun daɗe a haka lafiya lau. Sunan bankin ba zan kama ba, don abin da suka yi mini ba na jin su kaɗai ke yin sa.

Wani wata kayana suka maƙale a tashar jiragen ruwa ta Tema, ciniki ya tsaya, ranar biya ta wuce da 'yan kwanaki. Abin da ya wajaba in biya a watan bai kai sidi 900 ba. Da takardar lissafi ta zo, sai na ga tarar makara an ɗora ta a kan dukan bashin da ke katin, kusan sidi 18,000, ba a kan ɗan abin da ya makara ba. Wata na gaba kuma tarar ta shige cikin uwar kuɗi, aka fara caza mata nata kuɗin ruwan. Wato tara ta haifi ɗa.

Na je reshensu. Yarinyar da ke teburin koke 'yar Asawase ce, da Hausa ta gaishe ni har da rusunawa. Ta jawo takardar yarjejeniya, ta lashi yatsa tana buɗe shafi bayan shafi, ta tsaya can kusa da ƙarshe ta ɗora farcenta a kan wani layi. Sai da na sa tabarau na kuma matso da takardar dab da hanci kafin na ga rubutun. Ta ce, "Baba, ai kun sa hannu a nan." Na ce, "'Yata, na sa. Amma yaron da ya kawo mini takardar har shago cewa ya yi, Alhaji kashi 3.5 ne kacal. Bai ce a wata ba ne." Kashi 3.5 sau 12 kashi 42 ke nan a shekara, tun kafin a sa sauran caje-cajen. Ta sunkuyar da kai, ta ce ita ba ta da ikon taɓa komai, haka na'ura ta lissafa.

Ɗan yayata ne ya buɗe mini ido, shi da ke aikin akanta. Ya duba takardun ya ce, "Kawu, wannan ai an hana." Ya nuna mini sanarwar da Babban Bankin Gana ya fitar a watan Yunin 2021, wadda ta soke wasu caje-caje da halaye marasa adalci a bankuna. Biyu daga ciki kamar da ni aka rubuta su. Tarar makara a kan kuɗin da aka makara da shi kaɗai ake ɗora ta, ba a kan dukan ragowar bashi ba, kuma ba a caza wa tara kuɗin ruwa. Sannan an hana banki ya faɗa wa mutum kuɗin ruwa na wata, dole na shekara zai faɗa, tare da jimillar abin da bashin zai ci, wanda suke kira APR. Ban da sanarwar akwai dokar masu karɓar bashi da masu bayarwa ta 2020, mai lamba 1052, wadda ta maye gurbin ta 2008. Ita ta ce kafin a sa hannu sai mai ba da bashi ya miƙa maka takardar bayani da ta fayyace ruwa, caji da tara. Ni dai abin da aka miƙo mini biro ne.

Na koma da sanarwar a hannu, ɗan yayata ya ja layi da jan biro a ƙarƙashin wuraren. Wannan karon manaja na nema. Ya karanta, ya murza gemu, ya ce wannan ta lamuni ce, kati kuwa tsarinsa daban. Na ce, "Ranka ya daɗe, kuɗin da na ci da katin nan, kyauta kuka ba ni ko bashi?" Ya yi dariya ya ce bashi. Na ce to a rubuta kokena. Nan ne wurin da nake so 'yan'uwa 'yan kasuwa su riƙe: duk maganar da ka yi da baki a banki, ko ka ɗaga murya har mai gadi ya leƙo, ba ta shiga ko'ina. Sai an rubuta, an ba ka lambar koke. Daga wannan ranar, ƙa'idar Babban Banki ta ba su kwanaki 20 na aiki su warware, in sun kasa ko ba ka gamsu ba ka wuce Babban Bankin da kanka, kuma yana da ofis a nan Kumasi. Da na ambaci haka, sai ga fom ya fito daga aljihun tebur.

Sai dab da cikar wa'adin suka amsa. An mayar mini da rarar tarar da kuma ruwan da aka ɗora mata. Yarinyar nan da kanta ta buga mini waya, "Baba, an gyara, ku duba." Allah ya yi mata albarka. A ranar da an tambaye ni, tauraro huɗu zan ba su.

Amma da na karanta wasiƙar sai raina ya sake ɓaci. Ba su ce sun saɓa doka ba. Wai sun yi mini alfarma ne saboda ni tsohon abokin hulɗa ne. Alfarma da kuɗina? Kuɗin ruwan kuma yana nan yadda yake, wai wannan na amince da shi. Ina cikin bin takardun baya sai na ci karo da kuɗin inshora da ake cira kowane wata, wanda ban tuna wani ya taɓa ambata mini ba. Limamin unguwarmu ya sha gaya mana mu nisanci duk abin da ruwa ya shiga, ni kuma nakan ce ai ina biya kafin ruwan ya hau. Ya hau ɗin, da gudu ma.

Abin da ya fi ci mini rai ya zo daga baya. Na nemi wani kamfani ya ba ni kaya bashi, suka ce sunana ya fito da tabo a rahoton masu ajiye tarihin bashi. Ashe bankin ya tura musu tsohon lissafin, mai kumburarriyar tara, kuma da ya gyara a littafinsa bai tura gyaran ba. Dokar rahoton bashi ta 2007, mai lamba 726, ta ba mutum damar ganin rahotonsa ya kuma ƙalubalanci abin da ba daidai ba, to na bi ta nan. Amma mutumin da ke da shago, ga kwastomomi, ga zirga-zirgar kasuwar Kejetia, yaushe zai riƙa bin ofisoshi yana wanke sunan da ba shi ya ɓata ba?

Na sake rubuta wani koken, da sabuwar lamba, kan inshorar da kuma gyaran suna. Manajan yanzu da ya hango ni yake miƙewa, "Alhaji, ana kan aiki." Na biya ragowar bashin na ce su rufe katin, nan ma wai sai an cike wani fom a jira amincewa daga Accra. Masu kayana na Dubai yanzu da katin cire kuɗi nake biyan su, abin da ke asusu shi ke tafiya. In wa'adin wannan koken ya cika ba amsa, takarduna na cikin ambulan, ofishin Babban Banki zan kai su.